Mushkila Babba

Abdulilah da Sa'ud tagwaye ne, irin waɗanda ko su kansu sai sun yi musu a kan tsohon hoto kafin su yarda wane ne wane. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife su, a wani tsohon bene da hayaƙin masu tsire ya gama baƙanta bangonsa. Mahaifinsu, marigayi Mukhtaru, haifaffen Makka ne, jikan wani Bakano da ya zo aikin hajji ya zauna. Tasi ya ja har ƙarfinsa ya ƙare. Mahaifiyarsu kuwa, Hajiya Ɗaso, Basakkwaciya ce da ta zo garin da girmanta. A bakin baƙala, wato shagon cefane, da cikin motar haya ta tsinci Larabcinta, don haka duk inda kalma ta ƙwace mata sai ta cike gurbin da Hausa, ta wuce abinta. In abu ya ɗaure mata kai, takan dafa ƙugu da hannu ɗaya, ta ja kunnenta da ɗayan, ta ce, "Esh hada? Hada mushkila babba!" Wato, mene ne wannan, wannan matsala ce babba. Da wannan maganar 'ya'yanta suka tashi.

Kama ce ta haɗa tagwayen, hali ya raba su. Abdulilah mutum ne mai tsare gida, yana aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a unguwar Jarwal, yana da mata, Hadil, da 'ya ƙarama, Nuha. Sa'ud kuwa bai ajiye iyali ba, bai kuma taɓa daɗewa a aiki ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne kwaikwayon mutane. Ya ga tafiyarka yau, gobe ya yi maka ita har ka tsargu da ƙafafunka.

Shi Sa'ud ɗin ne ya zo da labarin. Wani kamfanin shirye-shiryen talabijin a Jidda zai ɗauki wani daɗaɗɗen wasan barkwanci na Turawan Ingila, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi a dandamali, ya mai da shi Larabcin Hijaz, a nuna cikin azumi. Labarin wasu attajirai ne tagwaye da suka rabu tun suna jarirai, kowanne da baransa, barorin su ma tagwaye. Ƙaddara ta haɗa su gari ɗaya. Matar wannan ta ja wancan cikin gida tana kiran sa mijinta, shi kuma ƙanwarta ce ta shiga ransa, barori suna ta shan duka a kan aiken da ba su aka yi wa ba. Daraktan yana neman tagwaye na gaskiya.

"Ni da kai ake nema," in ji Sa'ud, yana bubbuga kafaɗar ɗan'uwansa. "Don wannan wasan Allah ya buga mu biyu."

Abdulilah bai so ba, amma Hadil ta ce zuwa gani ba laifi ba ne. Suka tafi Jidda.

Daraktan, Bandar, saurayi ne mai fara'a, da tabarau a saman goshi. Ya ba su wurin barorin su karanta. Suka karanta da Larabcinsu na 'yan Makka, wanda suka sha tun a unguwa. Bandar ya tafa, ya ce madalla, sa'an nan ya sosa haɓa.

"Abu ɗaya ya rage," ya ce. "Ku ɗan karya harshen. Kamar dai 'yan Takari na gaskiya."

"Mu na ƙarya ne?" in ji Abdulilah.

"Ka gane nufina, habibi. Abin dariya muke nema."

"A wasan Turawan, barorin ba su iya Turanci ba ne?"

Bandar ya ɗaga kafaɗa. "Sun iya. Amma can daban, nan daban. Mutane sun fi dariya da abin da suka saba gani."

"To tunda tagwaye kake nema, ga mu. Ba mu wurin attajiran."

Bandar ya yi dariya, dariya ta gaske, ta wanda aka ba labari mai daɗi. Wannan dariyar ce ta fi yi wa Abdulilah ciwo. Ya ajiye takardun, ya ce wa Sa'ud tashi mu tafi. Sa'ud bai tashi ba.

"Je ka, zan biyo ka a mota," ya ce, bai ɗago kai ba.

Daga baya aka ji yadda suka ƙare. Bandar ya ce ai talabijin ba dandamali ba ne, mutum ɗaya ya isa. Za a ɗauki Sa'ud a dama, a sake ɗaukar sa a hagu, na'ura ta haɗa. Abdulilah ya ce su ƙarata can, shi dai ya wanke hannunsa.

Ranar da aka fara nuna wasan, kowa ya taru gidan Inna, yadda suke kiran Hajiya Ɗaso. An sha ruwa, an ci sambusa da romon shurba, an kora da kunun tsamiya, wanda Inna ba ta taɓa yarda azumi ya wuce babu shi ba. Maƙwabciyarta Kabira ta hauro da kujerarta. Sa'ud ne kaɗai ba ya nan, yana wajen liyafar kamfani.

Gaskiya wasan ya tsaru. An mai da shi tsohuwar Jidda, da benaye masu tagogin katako da jiragen ruwa masu filafilai. Lokacin da matar attajirin ta kama hannun ƙanin mijinta tana yi masa faɗan daɗewa a waje, shi kuwa yana rantsuwa bai taɓa ganin ta ba, har Abdulilah sai da ya murmusa. Sai ga bara ya shigo a guje, da guntun zane da hula ƙube da ta yi masa kaɗan. Fuskar Abdulilah ce sak. Uban gidan ya zabga masa mari a kan aiken da ba shi aka ba ba. Baran ya tsaya, ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, ya ja kunnensa da ɗayan, ya langaɓe kai.

"Esh hada? Hada mushkila babba!"

Har da 'yar rawar da muryar Inna takan yi a ƙarshen kalmar. Dariyar da aka naɗa a cikin shirin ta cika falon. Kabira ta fara tata, ta haɗiye. Nuha ta yi tsalle tana nuna talabijin ɗin.

"Baffa Sa'ud ya zama Kaka! Kaka, ga ki can!"

Inna ta kalli shirin kaɗan, sa'an nan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Bari in duba tukunya," ta ce.

Babu abin da ke kan wuta. Abdulilah ya zauna yana jin kunnuwansa na zafi, yana kallon fuskarsa biyu a talabijin, ta dama da ta hagu, kowacce tana lauya harshe kamar uwarsa.

Kafin azumi ya raba, maganar ta cika gari. Yara na yin ta a waya, direbobi na jefa wa juna ita a cunkoso, har a bayan wata motar ɗaukar ruwa Abdulilah ya gan ta a rubuce. Shi kuma, wanda ya ƙi wasan, shi ya fi kowa shan sa, domin Sa'ud yana Jidda cikin mota mai duhun gilashi, shi kuwa kullum yana tsaye a bainar jama'a. In ya ce ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne, sai a tuntsire da dariya, a ce ai haka baran yake cewa a wasan.

Wata rana da la'asar, otal ya cika da masu umara, wani baƙo mai jan ghutura, mayafin kan nan na mazan Larabawa, ya zo karɓar mabuɗi. Yana ganin Abdulilah ya kira iyalinsa, ya zaro waya ya kafa masa a fuska.

"Yalla, faɗi! Ja kunnen!"

"Ba ni ba ne, ranka ya daɗe. Ga mabuɗinka."

"Sau ɗaya kawai, don yara. Kai, ji Larabcinsa, ashe ya iya magana!"

Abdulilah ya ture wayar daga gabansa. Ba da ƙarfi sosai ba, amma ta faɗi a kan tayil, gilashin ya tsage. Mutumin ya tara masa jama'a. Da yamma manajan otal, Hatim, ya kira shi ofis, ya ce ba zai kore shi ba don ya san halinsa, amma daga gobe ya koma ɗakin ajiyar tawul da zannuwan gado a ƙasa, har ƙura ta lafa.

"Ka yi haƙuri," in ji Hatim, yana danne murmushi. "Ka san harkar baƙi. Mushkila babba."

Abdulilah ya dube shi har murmushin ya mutu, ya fita bai rufe ƙofar ba.

Wannan duk zai iya shanyewa. Abin da ya gagare shi haɗiya, Kabira ce ta kawo masa. Ta tare shi a matattakala ta ce ya ji abin da ya faru a baƙala? Inna ta je sayen tumatir, tana ciniki yadda ta saba, Larabci da Hausa a cakuɗe. Mai shagon sabon zuwa ne, bai san ta ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Hajiya, ke ma kina kallon wasan? Wallahi kin fi shi iyawa!" Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Inna ta ajiye tumatirin ta dawo gida.

Tun daga ranar ta daina Larabci. Matar da ta yi shekaru tana ja-in-ja da masu kifi da direbobin tasi, ba wanda ya taɓa cin ta da baki, ta koma nuni da yatsa. Da Hadil ta raka ta asibiti duba sukari, likita ya tambaye ta inda ke mata ciwo, ta zauna gum tana kallon ƙasa, sai da Hadil ta fassara mata kamar baƙuwar da ta sauka jiya.

Abdulilah ya kira Sa'ud, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya tura saƙo, aka karanta aka yi shiru. Bayan salla kuma ya ji labarin wai wasan ya karɓu, har kamfanin ya ƙara sababbin kashi. Labarin Turawan ya ƙare tuni, kowa ya gane matarsa, amma an ci gaba da jan zaren saboda barorin. Da safe ya tayar da mota ya kama hanyar Jidda, bai gaya wa Hadil ba.

A ƙofar wurin ɗaukar shirin ya shirya faɗa da mai gadi. Mai gadi ya washe baki ya ɗaga masa ƙarfe. "Ustaz Sa'ud! Yau ka yi sammako." Wata yarinya mai kwalliya, Abir, ta tare shi a baranda tana faɗa, ta ce ina kayansa, me ya sa ya zo da farar jallabiya, ta goga masa hoda a goshi kafin ya buɗe baki. Wani ya turo shi ta baya. Sai ga shi a tsakiyar kasuwar katako da kwali, fitilu na dukan idonsa, Bandar yana zaune bayan na'ura.

"Gwaji ne kawai, bar kayan," in ji Bandar. "Daga inda aka mare ka. Yalla."

Abdulilah ya tsaya. Duk abin da ya tara tun farkon azumi ya taso masa.

"Ba zan ja kunne ba," ya ce da Larabci tsantsa. "Kun san maganar wa kuke wa dariya? Ta uwata ce. Hajiya Ɗaso, a Hindawiyya. Da wannan harshen da kuka mayar abin wasa ta yi jinyar ubanmu, da shi ta je makaranta ta tsaya mana gaban malamai. Wanne a cikinku ya iya kalma goma ta harshenta? Yau ta kasa sayen tumatir saboda ku!"

Wani mai riƙe da fitila ya fashe da dariya. Saura suka bi. Sun ɗauka sabon salo ne Sa'ud ya ƙirƙiro, bara ya yi bore. Bandar ya miƙe tsaye yana juya hannu.

"Kunna, kunna! Kada ku tsaya! Ci gaba, Sa'ud, wannan zinariya ce! Ka rufe da jan kunnen!"

Abdulilah ya ɗauki wani tulu na ado ya maka da ƙasa. Ashe na roba ne, bai fashe ba, ya yi tsalle ya gangara. Dariyar ta ƙaru.

Ta tsaya ne da Sa'ud ya shigo, da guntun zanensa da hula ƙube, da kofin shayi a hannu. Mutane suka dubi wannan, suka dubi wancan.

"Me ya kawo ka?" in ji Sa'ud da Hausa, a hankali. "Zo mu fita waje."

"A nan ka sayar da ita, a nan za mu yi."

"Ban sayar da kowa ba! Sun ce in karya harshe, na gwada irin nasu, na ji ƙazanta ne. Na ce in dai za a yi, gara a yi na gaskiya, na mutum mai rai. Ina son maganar Inna, shi ya sa na yi ta."

"Ka tambaye ta?"

Sa'ud ya kau da kai.

"Na ce ka tambaye ta?"

"Kai me ka taɓa yi?" Sa'ud ya harzuƙa shi ma. "Kana tsaye bayan tebur kana ranka ya daɗe. Yaushe ka taɓa ganin ɗan Hindawiyya a talabijin ɗin ƙasar nan? Yanzu duk Saudiyya ta san kalmar Hausa. Ni na sa ta a bakinsu!"

"Da mari ka sa ta. Kullum sai an mare ka kafin ka faɗe ta."

Ya fizge hular daga kan ɗan'uwansa. Sa'ud ya watsa masa shayin. Suka sarƙe, suka faɗa kan rumfar kwali ta rushe da su, suna dukan juna kamar lokacin da suke yara a soron bene, sai dai yau ba wasa a ciki. Da ƙyar aka raba su. Leɓen Abdulilah ya fashe, idon Sa'ud ya kumbura. Bandar yana ta ihu a fitar da mutumin nan, amma sai da ya tsaya ya duba tufafi kafin ya nuna wanda za a fitar.

Kafin Abdulilah ya kai shingen shiga Makka, wani daga cikin ma'aikatan ya riga ya saki abin da ya ɗauka da wayarsa, tun daga jawabin har faɗan. Kamfanin ya ce ba da saninsa ba. Amma bai sa an cire ba, kuma masu kallon shirin suka ninka.

Washegari Inna ta aika a kira shi. Ya same ta a ɗaki, akwatinta a buɗe kan gado, tana ninke zannuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, yana jiran ko da kalma ɗaya ta sa albarka, domin a ransa faɗanta ya je ya yi.

"Inna, ina za ki?"

"Madina, wurin ƙanwarku Dalal."

"Saboda abin da Sa'ud ya yi? Ai na je na—"

"Na ga abin da kaj je kay yi," ta katse shi. "Kabira ta gwada min. Da can, dariyar wata tsohuwa akai wadda ba kowa ya san ta ba. Ina iya cewa ba ni ba ce. Kai ko kat tashi gaban duniya kac ce Hajiya Ɗaso, Hindawiyya. Jiya mata ukku sunka hauro, wai sun zo yi min jaje. Ba jaje ya kawo su ba, so sukai in buɗe baki su ji."

"Inna, don ke na yi."

"Shi ma haka yac ce. Kowa don ni. Shi ya ɗauki maganata ya kai kasuwa, kai ka bi shi ka liƙa mata sunana. Ba wanda ya zo yac ce, Inna, mi kika so?"

Fushin da Abdulilah ya kwana da shi bai tafi ba, sai ma ya ƙaru, ya rasa inda zai sauke shi.

Shi ya kai ta tashar jirgin ƙasa. Sa'ud ya riga su zuwa, da baƙin tabarau a kan kumburin idonsa. Ya matso zai karɓi akwatin, Abdulilah ya riƙe hannun akwatin gam. Suka tsaya suna ja, ba mai kallon wani.

"Ku aje," in ji Inna.

Suka ajiye. Ta kira wani ma'aikacin tasha da hannu, ta nuna masa akwatin, ta nuna ƙofa. Ta ce Allah shi shirye ku, ta bi bayansa.

Sa'ud ya cika sauran kashin da ya sa hannu a kansu. An ce ya roƙi Bandar a cire jan kunnen, Bandar ya ce in an cire me ya rage, shi kuma bai ajiye aikin ba. Abdulilah bai koma teburin baƙi ba; da lokacin hajji ya zo ya nemi a tura shi tantunan da otal ɗin ke kula da su a Mina, wurin alhazan da ba su san shirin ba. Dalal takan kira ta ce Inna lafiya lau, ta yi ƙawaye Hausawa a unguwarsu, tana zuwa masallaci, amma har yanzu in za a yi cefane ita Dalal ɗin take aika.

Da babbar salla Sa'ud ya turo wa Nuha 'yar tsana da sabuwar riga. Hadil ta ce a bar wa yarinya kayanta, ba ruwanta da faɗan manya. Abdulilah ya bar mata rigar da 'yar tsanar. Da yamma, da ya samu ya leƙo gida daga Mina, wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan ɗan'uwansa, ya kife ta a kan tabarma, ya ci gaba da yanka nama.